Jifa da Aya: Maganar Zubar da Ciki a Majami'unmu

An tashi daga nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako a wata majami'a a nan Potiskum, amma an kasa watsewa. Yara sun mayar da bencina ciki, mai shayin bakin titi ya kunna fitila, tireloli suna ta gurnani a kan hanyar Kano, mu kuwa muna cirko-cirko a gindin maina. Labarin wata 'yar'uwa daga ƙauye ne ya riƙe mu. Cikinta wata biyar, jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura, har ta soma jijjiga. Likita ya gaya wa mijin cewa in ba a raba ta da cikin ba, to, a shirya rasa su duka biyun. Mijin bai sa hannu ba. Ya fito bakin asibiti ya tari Keke Napep, ya tafi neman fasto.

Wani dattijon ikilisiya ya buga sandarsa a ƙasa. "Rai ba na likita ba ne. Ku buɗe Irmiya 1:5, ku buɗe Zabura 139. Magana ta ƙare."

Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar zumuntar mata, ta ɗan rusuna. "Baba, a gafarce ni. In an buɗe Fitowa 21 fa? Can ai ba hukunci ɗaya aka yanka wa uwa da abin da ke cikinta ba."

"'Yata, kin fara kawo mana karatun asibiti cikin Maganar Allah ke nan."

Sai wani saurayi ɗan kwalejin ilimi ya zaro waya. "Baba, Mama tana da gaskiya. Akwai wani mai wa'azi a Amurka da ya ce..."

"Kai yaro, da manya ake."

Har aka kira sallar isha a masallacin da ke bayanmu ana jifan juna da aya. Ba wanda ya tambaya ko an samu kuɗin maganin matar, ko wa ke riƙe da yaranta a gida.

Ni ba mai goyon bayan zubar da ciki ba ne. Na yarda abin da ke cikin mahaifa rai ne, amana ce, ba ƙari ba ne da za a yanke a yar. Abin da ke damuna shi ne yadda muke kare wannan matsayi, da yadda masu ja da mu suke kare nasu, hanya ɗaya ce: a tsinko aya, a raba ta da abin da ke gabanta da bayanta, a kwaɗa wa abokin magana, wanda ya fi ɗaga murya shi ya ci. Wannan raini ne ga Littafin, kuma a kan mata abin yake ƙarewa.

1. Abin da ke rubuce, da abin da babu

Mu fara da abin da ba a cika faɗa a kan mumbari ba. Daga Farawa har Wahayin Yahaya babu aya guda da ta kira zubar da ciki da gangan da sunansa ta yanke masa hukunci. Ba maƙiyan addini ne suka ƙago wannan ba. Fafaroma John Paul na biyu, wanda da wuya a samu wanda ya fi shi tsauri a kan lamarin, ya amince da haka a wasiƙarsa ta Evangelium Vitae a 1995, sannan ya ce hanin ya fito ne daga darajar da Nassi gaba ɗayansa ya ba ɗan'adam tun yana ciki, da kuma koyarwar ikilisiya tun farkonta.

Shirun abin mamaki ne, domin Shari'ar Musa ba ta ƙyale ƙananan abubuwa ba. Ta yi magana a kan san da ya faɗa ramin da aka bari a buɗe, da funfuna a bangon ɗaki, da wanda ya tarar da tsuntsuwa kwance kan ƙwayayenta. Kuma ba a ce mutanen wancan zamani ba su san abin ba: dokokin Assuriyawa na dā sun tanadi mummunan kisa ga matar da ta zubar da cikinta, rantsuwar likitocin Girka ta Hippocrates ma ta ambaci maganin zubarwa. Wasu malamai suna cewa Isra'ilawa ba su bukaci doka a kai ba, don a wurinsu rashin haihuwa ne abin kuka. A dubi Saratu da Rahila da Hannatu. Wasu kuma suna cewa inda Allah ya yi shiru, kada mutum ya sa masa magana a baki. Duk wanda ka ɗauka a ciki, fahimtarka ce, ba nassi ba ne.

Zabura 139 waƙa ce. Mai zaburar yana mamakin Allahn da babu inda za a ɓuya masa, wanda aikinsa a kan mutum ya fara tun a cikin uwa. Duk wanda ya karanta ta da zuciya ɗaya ba zai tashi yana ɗaukar ɗan tayi a bakin komai ba, wannan gaskiya ne. Amma ba ta ce uffan a kan ranar da za a zaɓa tsakanin uwa da ɗa ba. Irmiya 1:5 kiran annabci ne ga wani saurayi mai jin tsoro, ana ƙarfafa masa gwiwa cewa ba shi ya naɗa kansa ba. Ayar tana maganar sanin da Allah ya yi masa tun kafin a siffanta shi, wato tun babu cikin ma. Sanin Allah take koyarwa, ba aikin unguwar zoma ba. Luka 1 kuwa, inda Yahaya ya motsa a cikin Alisabatu da jin gaisuwar Maryamu, cikin wata shida ne, kuma babu mai musun cewa a wata shida akwai mutum a ciki.

Ɗaya ɓangaren ma ba su fi mu adalci ba. Sukan jawo Farawa 2:7 su ce Adamu bai rayu ba sai da aka hura masa numfashi, don haka rai sai an haihu. To, Adamu wace mace ta ɗauki cikinsa? Sukan jawo Ayuba 3, inda ya gwammace da ɓarinsa aka yi. Wannan kukan mai ciwo ne zaune cikin toka bayan ya rasa 'ya'ya goma, ba a karɓar fatawa daga bakin mai kuka. Sukan jawo Littafin Ƙidaya 5, ruwan ɗacin da firist yake shayar da matar da mijinta ke zargi, su ce ga Allah da kansa ya halatta maganin zubarwa. Surar gwajin kishi ce, ba ta ce matar tana da ciki ba.

Fitowa 21:22-25 ce kaɗai ta zo kusa, shi ya sa ake ta kokawa a kanta tun dā. Maza biyu suna faɗa, suka bangaji mace mai ciki, cikin ya fito. In ba wata ɓarna, tara ce. In akwai ɓarna, rai a bakin rai. Ɓarnar wa? Malaman Yahudawa sun ce ta uwar: ɓari tara ne, mutuwar mace kisa ne. Daga nan littafinsu na Mishna ya yanke cewa in naƙuda ta zo da gardama, ran uwa ne a gaba, muddin yaron bai fito ba. Da yawa daga malaman bishara na zamaninmu sun ce a'a, haihuwar bakwaini ake nufi: in yaro ya fito lafiya tara, in ya mutu rai a bakin rai. Yahudawan Iskandariya a Masar, da suka juya Attaura zuwa Girkanci wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sun bi hanya ta uku, suka bambanta tayin da ya riga ya siffantu da wanda bai siffantu ba. Karatu uku daga wuri ɗaya, dukkansu na masu tsoron Allah ne. Ga shi kuma ayar a kan tsautsayi take, ba a kan abin da aka yi da niyya ba. Wanda ya ce ta rufe magana, ko ta wane gefe, bai karanta ta sau biyu ba.

A kasuwar shanunmu ba wanda ke sayen sa daga gefen da dillali ya tsayar da shi. Sai an zagaya, an buɗe baki an duba haƙora, an sa ya taka. Abin da ba mu yarda a yi mana a kan sa ba, shi muke yi wa Maganar Allah. Lambobin nan ma da muke jifa da su ba annabawa ne suka sa ba. Stephen Langton na Ingila ne ya raba surori a ƙarni na 13, Robert Estienne, wani mai ɗab'i Bafaranshe, ya sa lambobin ayoyin Sabon Alkawari a 1551, da su kuma Littafin ya iso hannunmu da Hausa lokacin da aka buga shi cikakke a 1932. An sa su ne don sauƙin nema. Mu tuna kuma cewa a Matiyu 4 wanda ya fara jawo Zabura 91 ya jefi Yesu da ita Shaiɗan ne, kuma bai yi kuskuren ko kalmar da ya kawo ba.

2. Magabata sun hana, amma sun yi gardama

To daga ina tsaurin ikilisiya ya fito? Daga rayuwarta. Kiristocin farko sun zauna cikin daular Rum, inda uba ke da ikon a jefar da jaririn da ba ya so a juji. Su kuwa suka ƙi. Wani ɗan littafin koyarwa mai suna Didache, na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya hana zubar da ciki da kashe jariri ƙarara. Wannan shi ne tushen, kuma tushe ne mai ƙarfi. Ban ga dalilin da zai sa mu ji kunyar cewa gado ne muka karɓa ba, har sai mun matsa wa Irmiya ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Sai dai magabatan nan sun san akwai wurare masu santsi, kuma manyansu biyu 'yan Afirka ne. Tertullian na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya la'anci zubar da ciki da kakkausan harshe, amma da ya zo kan yaron da ya gitta a mahaifa zai kashe uwarsa, ya yarda cewa abin da likitoci ke yi mugun abu ne da ya zama dole. Agustin na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ce zubarwa zunubi ne a kowane lokaci, amma bai kira na tayin da bai siffantu ba kisan kai ba. Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, ya ce shi bai san wannan bambanci ba, duka kisa ne. Thomas Aquinas a ƙarni na 13 ya bi Aristotle a kan cewa ran mutum yana shiga ne bayan wasu makonni. A 1869 Fafaroma Pius na tara ya cire bambancin daga hukuncin cocin Katolika. Har yau ɗin nan kuma, Katolika da duk tsaurinta ta yarda a yi wa mace aiki a cire bututun da ciki ya maƙale a cikinsa a wajen mahaifa, domin nufin shi ne ceton uwa.

Katolika ba ta da wahalar da muke da ita, don ta ce da Nassi da al'adar ikilisiya da hankali take tsayawa. Mu 'yan ikilisiyoyin bishara, su ECWA da COCIN da EYN da Baptis, da muka ce Nassi kaɗai, mu ne muke jin kamar in ba mu nuna aya da lamba ba mun fāɗi. Daga nan ake fara murɗe wuyan ayoyi.

Maƙwabtanmu Musulmi ma, da muke cin kasuwa ɗaya muke shan rijiya ɗaya, suna da irin nasu bambancin. Akwai hadisin da ke maganar busa rai bayan kwana 120, Hanafiyya sun sassauta kafin lokacin in akwai uzuri, Malikiyya da ake bi a ƙasar nan ta tsaurara tun daga farko. Abin da na lura shi ne malamansu ba sa jin nauyin cewa "akwai saɓani." Mu kalmar tana mana ɗaci a baki.

3. Rigimar wani gida

Yawancin abin da matasanmu ke kawowa daga Facebook da WhatsApp faɗan Amurka ne. Can kotun ƙoli ta halatta zubar da ciki a 1973, ta soke hukuncin a Yunin 2022, kuma tsawon shekarun nan lamarin ya zama tutar jam'iyya. Abin da ba a gaya wa matasan shi ne cewa a 1971 babban taron Southern Baptist, ikilisiyar Furotesta mafi girma a ƙasar, ya zartar da ƙudurin neman a halatta zubarwa in fyaɗe ne, ko cikin muharrami, ko mummunar nakasa, ko haɗari ga lafiyar uwa. Daga baya suka juya gaba ɗaya. Littafin da ke hannunsu bai canza ba ko da waƙafi.

Mu halinmu daban. Dokar Penal Code ta Arewa, sashe na 232, ta haramta zubar da ciki, da ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai fa in don ceton ran mace ne. Duk lokacin da aka taɓa dokar, ikilisiya takan tashi. A Imo a 2013 Archbishop Anthony Obinna ya ja gaba har gwamnatin Rochas Okorocha ta janye sashen dokar da aka ce ya buɗe ƙofa. A Legas a 2022 gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da ƙa'idojin da ma'aikatar lafiyarsa ta fitar bayan koken shugabannin addini. A takarda mun ci kowane yaƙi. Amma binciken cibiyar Guttmacher ya ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012 kaɗai. Ba aljanu ne suka yi ba. Wasunsu suna cikin ƙungiyar mawaƙa, wasu suna sahun gaba a masallacin mata. Doka ta hana, wa'azi ya hana, kemis ɗin lungu yana ta ciniki.

4. Namu ciwon

Potiskum ba ta bukatar a karanta mata darajar rai daga ƙasar waje. Mun kwashi gawawwaki a kasuwar shanu a Mayun 2012. Mun kwashi na 'yan makaranta fiye da 40 a Nuwamban 2014. A Yulin 2015 bam ya tashi a cikin cocin Redeemed ana tsakiyar sujada. An kwashe 'yan mata 276 a Chibok a 2014, mafi yawansu 'ya'yan EYN, an kwashe 110 a Dapchi, nan cikin Yobe, a 2018. Bayan waɗanda duniya ta ji labarinsu akwai dubbai da ba a ƙirga ba.

Da aka fara ceto mata daga dajin Sambisa a 2015, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ta ce fiye da 200 daga cikinsu suna da ciki. Nan take muhawara ta tashi, shugabannin Katolika suka ce kada a taɓa cikin, yaran ba su da laifi. Na yarda ba su da laifi. Amma me ya biyo baya? Rahoton UNICEF da International Alert na 2016 ya nuna yadda aka karɓi matan a gida da sansanonin gudun hijira: ana kiransu annoba, ana cewa jinin uban yana jikin yaro, maza suna sakin matansu, kishiyoyi suna hana 'ya'yansu wasa da nasu. Wanda ya ce mata ta haifa, shi ne ya hana ɗansa cin tuwo kwano ɗaya da abin da ta haifa.

A Disamban 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa cewa tun 2013 sojoji sun zubar da ciki aƙalla 10,000 a asirce a arewa maso gabas, da yawa ba da yardar matan ba. Rundunar soja ta musanta, kwamitin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ƙarƙashin tsohon alƙalin kotun ƙoli Abdu Aboki ya ce a Nuwamban 2024 bai samu hujja ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda zargi mai nauyin wannan ya wuce ta gaban majami'unmu kusan shiru, alhali in labarin 'yar maƙwabci ne, kafin Lahadi ya zaga gari. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.

Ga macen da aka yi wa fyaɗe a daji ta dawo da ciki, ni fatana ta haifa, ikilisiya ta ɗauki nauyin yaron har ya girma. Amma ba ni da bakin tsayawa a kanta da Zabura 139 in ba na shirya buɗe mata ƙofar gidana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5. Bencin baya

Nan ne maganar ta fi zafi, nan ne kuma aka fi gudunta. Kowa ya san abin da ke faruwa in yarinya ta yi ciki ba aure a yawancin majami'unmu. Dattawa su zauna, a kira sunanta gaban jama'a ranar Lahadi, a sa ta ƙarƙashin horo. Ta koma bencin baya, ba jibi, ba waƙa, ba koyar da makarantar Lahadi. Makaranta ta sallame ta. Uba ya ce ta zubar masa da mutunci, wani lokaci uwar ma ta sha kora. Yaron kuma ya tashi da sunan da kowa ya sani.

Wanda ya yi cikin fa? In ya musanta, shi ke nan, ciki ba ya fitowa a jikin namiji. In abin ya yi tsami ya hau mota zuwa Jos ko Kano, ya shiga wata majami'a, ba a jima ba ka ji yana jan waƙa. In kuwa mai hannu da shuni ne, wanda ya ba da buhunan siminti na ginin sabuwar majami'a, sai a ce a bar kaza cikin gashinta.

Yanzu a sa kai a matsayin yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da ta ga watanta ya wuce. Hanya biyu ke gabanta. In ta bar cikin, ga tonon silili a gaban ikilisiya. In ta bi ƙawarta lungu ta haɗiyi abin da aka ba ta, kuma Allah ya sa ba ta mutu ba, ranar Lahadi tana sahun mawaƙa da farar riga, ba wanda ya sani. Mun tsara abin yadda wadda ta bar rai ita ke shan hukunci, wadda ta zubar ita ke tsira da mutunci. Haka majami'un da ke gwajin ciki kafin ɗaurin aure su fasa bikin in an samu: me muke tsammanin wasu za su yi kafin ranar gwajin? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ma'aikatan jinya sun san sauran labarin, su ne ke karɓar yaran da tsakar dare, jini na zuba, ciki ya ruɓe, uwa tana rantsuwa cewa zazzaɓi ne. Sun kuma san cewa ba 'ya'yan talakawa kaɗai ake kawowa ba. Wanzami ba ya son jarfa.

In aya ake so, ga wadda ban taɓa jin an karanta a zaman horo ba. Farawa 38: aka gaya wa Yahuza cewa surukarsa Tamar tana da ciki ba miji. Nan take ya yanke a ƙone ta, da ita da abin da ke cikinta. Tamar ta aika masa da hatimi da igiya da sandan mai cikin. Nasa ne. Littafin bai ɓoye wa kakan Dawuda asiri ba, kuma daga wannan cikin da aka so ƙonewa zuriyar da Matiyu 1 ta lissafa har zuwa Yesu ta bi. A wannan surar ta Matiyu ne kuma Yusufu ya tarar da Maryamu da ciki kafin su tare, aka kira shi adali domin ya ƙi tona mata asiri. A Yahaya 8 an jawo mace ita kaɗai, an ce an kama ta tana zina. Zina kuwa ba a yin ta mutum ɗaya. Yesu bai ce abin da ta yi daidai ne ba, amma bai bari a jefe ta ba, kuma tsofaffin ne suka fara sulalewa. Laifi tudu ne.

Na san za a ce ni ma ga shi na tsinko nawa ayoyin. Bambancin shi ne waɗannan labarai ne cikakku, a kan daidai abin da muke fama da shi: mace da ciki, namiji da ya ɓuya, taron masu hukunci. A karanta su daga farko har ƙarshe, a gani ko na murɗe.

Ba cewa nake a soke horo ba. Ikilisiyar da ba ta tsawatarwa kulob ce. Cewa nake horon da ke kama mai ciki ya saki mai yin ciki ba tsarki yake karewa ba, fuskar dattawa yake karewa.

6. Ranar da likita ya ce a zaɓa

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma yankinmu yana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Jijjiga da zubar jini da naƙuda mai tsawo su ke ɗauke su. A irin wannan hali dokar ƙasa ta yarda a ceci uwa, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin yin hakan a 2018, Tertullian ya yarda, malaman Yahudawa sun yarda, malaman Musulunci sun yarda. Tayin wata biyar ba ya rayuwa in uwarsa ta mutu. Saboda haka ba zaɓi ne tsakanin rai da rai ba, zaɓi ne tsakanin kabari ɗaya da gawa biyu a kabari ɗaya. Faston da aka zo wa da wannan da dare, aikinsa ya sa takalmi ya bi mijin asibiti, ya saurari likita, ya yi addu'a, ya riƙe hannun mutumin lokacin sa hannu. Yesu ya yi warkarwa ran Asabar a gaban masu riƙe da nassi, kuma nassin nasu na gaske ne.

Makarantun Littafi Mai Tsarki da ke yaye mana fastoci su riƙa gayyato likita da unguwar zoma su koya wa ɗalibai mene ne jijjiga, mene ne cikin wajen mahaifa, mene ne wankin ciki bayan ɓari. Na ji an zargi mace da zubar da ciki don kawai an yi mata wankin ciki bayan yaron ya riga ya mutu a cikinta. Rashin sani ya fi dare duhu. Zaman da za a yi a kan yarinya mai ciki kuwa, bai kamata a yi shi babu shugabannin zumuntar mata ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma su suka san wane ne ke yi wa yarinyar rakiya bayan an tashi koyon waƙa. Waɗanda suka riga suka zubar, suna ɗauke da abin shekara da shekaru ba su gaya wa kowa ba, su ma 'yan ikilisiya ne. A 2016 Fafaroma Francis ya ba kowane limamin Katolika izinin yafe wannan zunubi ga mai tuba, ba tare da ya sassauta hanin ba. Mu da muke taƙama da wa'azin alheri, wace ƙofa muka buɗe musu?

Sai maganar kuɗi. A buɗe littafin ma'ajin kowace majami'a a garin nan. Za a ga layin kwanon rufi, layin man janareta, layin taron shekara, layin motar fasto. A nemi layin kuɗin awo da haihuwa na yarinyar da ubanta ya kora, ko kuɗin makarantar yaron da aka dawo da cikinsa daga daji. Taron kasafin kuɗi yana zuwa kowace shekara, kuma duk mai baftisma yana da ikon ɗaga hannu ya tambayi ma'aji.